KAZA MAI 'YA'YA ITA KE TSORON SHIRWA

 

A ranin da ya wuce na kai ziyara wani ƙauye a ƙasar Zonkwa. Bayan taron ƙungiya sai wata gwauruwa, dattijuwa cikin Zumuntar Mata, ta ja ni gefe ta ce, "Malam, zo ka ga abin da ya same ni." Kazarta ta ƙyanƙyashe 'yan tsaki 12, ta kuwa riga ta ƙudura a ranta cewa da su za ta biya wa jikanta kuɗin makaranta. Kafin mako uku saura 4. Ba ta ga gawa ba, ba ta ga ko gashi ba. Saboda haka ta ɗora laifin a kan yaran maƙwabciyarta, har ta kai su biyun sun daina gaisawa, a majami'a ma kowa da bencinta.

Na ce, "Mama, ba ni kujera in zauna tukuna." Muka zauna gindin mangwaro. Gidan a share yake fes, an ƙone ciyawar bayan gida, ko ganye ɗaya babu inda tsako zai laɓe. Ba mu yi awa ɗaya ba sai zakara ya yi wata irin ƙara, inuwa ta gilma, uwar ta tashi da fukafukai a buɗe, amma ina! Shirwa ta riga ta yi sama da ɗaya. Mama ta riƙe baki. Da maraicen nan ta tafi gidan maƙwabciyarta neman gafara.

Abin da ya sami wannan uwa yana samun gidaje da yawa a cikinmu, mun kuwa saba da shi har muna cewa rabon shirwa ne. To, bari mu yi lissafin wannan rabo. Kazar gida takan yi kwanci kamar sau 3 a shekara. A ce kowane kwanci ta fitar da 'yan tsaki 10, watau 30 ke nan. Idan 3 ne kaɗai ke girma daga kowane kwanci, a shekara kana da kaji 9. Idan ka tsare su har 7 suka girma, kana da 21. Bambancin kaji 12 ne a kan uwa ɗaya. Mai uwaye 5 ya yi asarar kaji 60 ke nan. Ka tambayi kuɗin kaza a kasuwarku makon Kirsimeti, ka ninka sau 60, sa'an nan ka gaya mini ko wannan rabo ne da za a bar wa tsuntsu.

KA SAN ƁARAWONKA

Mutane sukan haɗa su duka su ce shaho, amma kowanne da irin satarsa, maganinsu kuma ba ɗaya ba ne.

Shirwa ita ce wadda kuke gani tana shawagi bisa kasuwa da mahauta. Jikinta ƙasa-ƙasa ne, bakinta rawaya, wutsiyarta kuma a tsage kamar ta kifi. Ba ta ɓuya. Takan yi ta kewaya a sama har ta ga tsako a fili, sai ta sauko ta sure shi da ƙafa ba tare da ta taɓa ƙasa ba. Ƙafafunta ba su da ƙarfi sosai, domin haka ƙananan 'yan tsaki ne abincinta. Kaza da ta yi girma ta fi ƙarfinta.

Shaho iri-iri ne. Akwai ƙarami mai bayan toka-toka, da zane-zane a ƙirji, girmansa bai wuce na tantabara ba. Wannan ɗan kwanton ɓauna ne. Yakan shige cikin ganyen mangwaro ko dalbejiya ya yi shiru, in ya ga dama sai ya fito ƙasa-ƙasa kamar kibiya. Akwai kuma babba mai fukafukai masu tsini, wanda yakan yi gida a kan duwatsu, ya faɗo daga sama da gudun gaske. Shi yana iya kashe sagara. Mutanen Filato da na ƙasar Tangale da duk masu zama kusa da dutse sun san shi.

Hankaka ɓarawon ƙwai ne, yakan kuma ɗauki tsakon kwana ɗaya ko biyu idan uwar ta yi sakaci.

Ungulu kuwa a bar ta da sunanta. Mushe take ci, ba ta farautar mai rai. Mujiya ma ɓeraye ne yawancin abincinta, kaji da suka kwana cikin akurki a rufe ba ruwansu da ita.

Yadda za ka gane wanda ya yi maka ɓarna: idan tsako ya ɓace da rana tsaka ba alama, yawanci shirwa ce. Idan ka tarar da tulin gashi a gindin itace ko bayan danga, shaho ne ya fige. Idan da dare aka yi, ka iske kaji a mace an ciji wuya ko an cinye kai, ka nemi muzuru ko tunku. Idan ƙwai ne ke raguwa ba ɓawo, ka duba maciji ko guza. Kada ka zargi maƙwabcinka sai ka zauna ka duba da idonka.

DON ME ƁARNAR TA FI YAWA DA RANI?

Dalilai uku ne. Na fari, shirwa mai ƙaura ce. Da damina yawancinsu sukan bi ruwa su yi arewa, wajen Nijar, da kaka kuma su komo mana wajen watan Oktoba da Nuwamba. Na biyu, da rani ne sukan yi sheƙa a kan dogayen itatuwa kamar rimi da giginya da maɗaci, sai ya zama uwa da uba suna neman abin da za su kai wa 'ya'yansu. Na uku, mu da kanmu muke share musu hanya. Da damina tsako yana da masara da dawa da ciyawa da zai shiga. Bayan girbi mun sare kara, mun ƙone daji, gida ya zama kamar faranti. Kun lura duk inda aka sa wa daji wuta sai shirwa ta taru tana kama fara? Wanda ya ƙone ciyawa a bayan gidansa ya aika mata da goron gayyata ke nan.

ABU NA FARKO: A TSARE 'YAN TSAKI MAKO SHIDA

In ba za ka iya yin kome cikin abin da zan faɗa ba sai abu ɗaya, to, ka yi wannan. Yawancin asara tana faruwa ne daga ranar ƙyanƙyasa zuwa mako 6 ko 8. Tsakon da ya wuce wannan ya yi gashi, ya yi nauyi, ya kuma koyi gudu.

Hanya mafi araha ita ce babban kwando mara gindi, wanda za a kifa a kan uwa da 'ya'yanta. A saƙa shi da gora ko tukurwa, faɗinsa kamar ƙafa 3 zuwa 4, tsayinsa ƙafa 2, ramukan su zama ƙanana yadda tsako ba zai fita ba amma iska da haske su shiga. A ɗora dutse a kai saboda iska da karnuka. Kowace safiya a matsar da shi sabon wuri mai tsabta, rabi a inuwa rabi a hantsi. Da dare a mai da su akurki.

Wanda ya sami hali ya sa kafinta ya yi masa keji na katako da ragar waya, tsawo ƙafa 6, faɗi ƙafa 3, tsayi ƙafa 2. Ragar ta zama mai ƙananan idanu, kamar rabin inci, gama mai manyan idanu ɓera da maciji suna shiga. A rufe gefe ɗaya da zana ko tsohon kwano domin rana da ruwa. Lalle ne a rufe sama. Shinge mara rufi ba ya hana mai fukafukai. Tsohuwar komar kamun kifi ma tana yin rufi mai kyau. Amma ina roƙonku, kada a cire gidan sauro daga gadon yara a rufe kaji da shi. Na ga an yi haka. Tsako bai kai ɗa ba.

Wanda ya tsare kaza, shi zai ciyar da ita. Nan ne mutane da yawa sukan kasa, su kifa kwando su tafi gona, su dawo su tarar 'yan tsaki sun galabaice, sai su ce dabarar malamin gona ba ta da amfani. Ga abin da za a ba su, duk yana cikin gidajenmu:

1. Ɓarzajjen masara ko dawa ko gero, da ɗan dusa mai laushi.

2. Abin gina jiki: dakakken ƙuliƙuli mara yaji, ko garin ƙananan kifi, ko waken soya. Waken soya tilas a soya shi ko a dafa kafin a daka, ɗanye yana hana tsako girma. A sa kamar kashi 1 na wannan cikin kashi 3 na hatsi.

3. Gara. A sami tsohuwar tukunya, a cika ta da busasshen kashin shanu da guntayen kara, a yayyafa ruwa, a kifa ta a inda gara ke bi, nesa da ɗaki da rumbu, a rufe da buhu. Bayan kwana ɗaya ko biyu a ɗauka da sassafe a zazzage musu.

4. Yankakken ganyen zogale ko alayyafo.

5. Ruwa mai tsabta a kasko mara zurfi. A zuba tsakuwa a ciki don kada tsako ya faɗa ya jiƙe, gama sanyin hunturu yana kashe jiƙaƙƙen tsako nan da nan.

A ba su sau 3 ko 4 a yini, kaɗan kaɗan. Daga mako na uku ana iya sakinsu da yamma na ɗan lokaci, sa'ad da mutane ke tsakar gida, domin su koyi tono a wurin uwarsu.

Ga wata dabara mai rage wahala. Ƙwan kaza kwana 21 yake yi. Idan kaji biyu ko uku suka nemi kwanci kusa da juna, a sa musu ƙwai rana ɗaya, sai su ƙyanƙyashe tare. Da dare a haɗa 'yan tsakin a ƙarƙashin uwar da ta fi iya reno, gwargwadon abin da fukafukanta za su rufe. Da safe a duba ko ta karɓe su. Ta haka keji ɗaya ya isa, sauran uwayen kuma za su koma yin ƙwai da wuri.

ABU NA BIYU: A YI MUSU MAFAKA

Ran da za a sake su, ina za su gudu? Ka tsaya a tsakar gidanka ka duba. Daga inda kaji ke kiwo zuwa wurin ɓuya mafi kusa, kada ya wuce taku 10.

A kafa 'yan gajerun rumfuna, tsayin gwiwa, a shimfiɗa musu kara ko zana, a warwatsa su uku ko huɗu a bayan gida da bakin bola. A jibge rassan ƙaya a wasu wurare, tsako yana shiga, shaho ba ya bi. Kada a toshe ƙarƙashin rumbu. Da damina mai zuwa a dasa abin da zai tsaya da ganye har rani: rogo, lalle, ayaba a inda ruwan wanka ke bi, da zogale da aka sare kansa domin ya yi rassa ƙasa-ƙasa. Ga mafaka, ga abin miya.

Abinci da ruwa kuma a riƙa ajiye su ƙarƙashin rumfa. Matan da ke watsa hatsi a tsakiyar fili suna tara wa shirwa 'yan tsaki wuri ɗaya ne, kansu a sunkuye.

Idan akwai itace mai duhun ganye dab da inda kaji ke kiwo, kuma ka ga nan ƙaramin shaho ke laɓewa, ka rage rassan ƙasa, ko ka kau da wurin cin abincin kaji daga nan. Ba sai an sare itacen ba.

ABU NA UKU: A TARE HANYAR SAMA

Shirwa tana bukatar fili kafin ta sauko ta tashi. A ɗaura igiya ko tsohuwar waya daga wannan itace zuwa wancan, a gicciye, tazarar ƙafa 2 ko 3, sama da kan mutum. A rataya abubuwa masu walƙiya: murfin gwangwani, fasasshen madubi, tsohon faifai, zaren tsohon kaset. Mutum-mutumi ma yana taimako. Sai dai ku sani tsuntsayen nan suna da wayo. Bayan 'yan kwanaki sukan gane abin ba ya cizo. A riƙa sauya masa wuri da riga kowane mako, kada kuma a dogara gare shi kaɗai.

Wasu manoma sukan shafa wa 'yan tsaki launi, galura ko shuɗin maganin nan da ake shafa wa gyambo, da yawa kuwa sun shaida mini ɗauka ta ragu. In za ka gwada, ka ɗiga kaɗan a baya da gashin kaza ko auduga, da hantsi, kada ya taɓa ido, kada kuma a tsoma tsako a ciki. A shafa wa duka a lokaci ɗaya, a zauna a ga ko uwar za ta tsattsage su. Launin yana tafiya sa'ad da sabon gashi ya fito. Fentin mai kuwa ko kusa.

ABU NA HUƊU: MASU GADI

Allah bai bar kaza haka kawai ba. Ku saurari zakara da kyau. Kukan da yake yi in ya ga abu a sama dabam yake da wanda yake yi in ya ga kare ko maciji, kaji kuwa sun san bambancin. Saboda haka kada Kirsimeti ta cinye zakarun gida duka. A bar babba ɗaya mai lafiya ga kowane kaji 10. Zabi ma idonsu na sama kullum, ihunsu yana tashin kowa. Karen da aka horar tun yana ƙarami yakan kori shirwa.

Wajen zaɓen uwa, a riƙe kazar da aka ga tana tashi ta yi faɗa, a sayar da mai gudu ta bar 'ya'ya. Masu sayen 'yan tsakin kamfani kuma su tuna waɗannan marayu ne, ba wanda ya koya musu kallon sama, fararen cikinsu kuwa ana hango su daga nesa. Sakinsu a fili sadaka ce ga shirwa.

A kiyaye tsabta. Hanjin kaza, mataccen tsako, ragowar yanka na biki, duk a binne. Gidan da shirwa ta saba samun nama, kullum sai ta leƙo.

TSAKO MARA LAFIYA SHI AKE FARA ƊAUKA

Lokacin da shirwa ke yawa shi ne kuma lokacin annobar kaji ta hunturu, wadda likitocin dabbobi ke kira Niyukasal, mai sa kaza ta yi zugum, ta yi koren zawo, wuya ya murɗe. Ba ta da magani, sai rigakafi. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom, wadda ke can tun 1924, tana yin maganin rigakafinta, har da irin wanda ya fi jure zafi, wanda ake ɗigawa ɗigo ɗaya a idon kowace kaza. A maimaita kowane wata 3 ko 4, a tabbata an yi ɗaya kafin hunturu ya shigo. Kaji masu lafiya ake yi wa. Ba riba a tsare tsako daga shaho mako shida sa'an nan annoba ta share akurki cikin kwana uku.

ABIN DA BA ZA MU YI BA

Kada a sa guba. Na san wasu sukan cusa maganin ƙwari cikin mataccen tsako su ajiye a fili. Wanda ya fara zuwa shi zai ci: karen maƙwabci, alade, hankaka, ungulu. Yaro ma yana iya tsintar tsuntsun da ya faɗi ya gasa. Ku tambayi dattawa yawan ungulun da ke sauka a kasuwanninmu a dā, ku duba yau. A shekarar 2015 masana na duniya suka sa ungulun nan tamu cikin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa, guba kuwa tana cikin abin da ya jawo haka. Shirwa da shaho ma suna yi mana aiki, gama su ke rage ɓeraye da fara da ke cin amfanin gona. In ka kashe ɗaya, wata za ta zo ta gaje wurin, muddin 'yan tsakinka na fili. An ba mu halitta mu yi riƙonta ne, za mu kuwa ba da lissafi.

Kada kuma a ɗaura laya a akurki, ko a ce wani ne ya turo tsuntsu. Yunwa ce ta turo shi. Mai bi ba shi da abin nema a wurin boka saboda kaza.

AIKIN ƘUNGIYA

Mutum ɗaya ba zai iya sayen naɗin ragar waya ba, amma mutum 10 za su iya, su yanka su raba. Kwalbar rigakafi ɗaya ta fi ƙarfin kajin gida ɗaya, kuma in an buɗe ta ba ta kwana. Sai ƙungiya ta sa rana, a hana kaji fita da safe, mutum biyu da aka koya musu su bi gida gida. Ina ba da shawara kowace ƙungiya ta yi waɗannan kafin taro na gaba:

1. A nemi tsohon da ya iya saƙar kwando ya koya wa matasa, a biya shi.

2. A yi keji ɗaya na gwaji a gidan fasto ko na shugabar Zumuntar Mata, inda kowa zai gani.

3. Magatakarda ya buɗe shafi a littafinsa: sunan mai kaza, ranar ƙyanƙyasa, 'yan tsaki nawa, nawa suka kai mako 8, me ya kashe sauran. Bayan wata 6 a karanta a taro.

4. A fara da gwauraye da tsofaffi, waɗanda kaza ce bankinsu.

Mama da na ba ku labarinta ta bi wannan hanya. Matasan ikilisiya suka saƙa mata kwando, suka kafa mata rumfuna biyu. A kwanci na gaba kazar ta fitar da 11, guda 9 suka girma, ɗaya sanyi ya kashe, ɗaya ta taka da kanta. Maƙwabciyar nan da suka yi faɗa ita ke ba su ruwa in Mama ta tafi kasuwa, ta kuwa sami sagara biyu ladan aikinta.

A taronku na gaba ku karanta Matiyu 23:37, inda Ubangijinmu ya ɗauki misalin ƙaunarsa daga uwar kaza da 'ya'yanta. Ita tana yin iyakar ƙoƙarinta da fukafukai biyu. Sauran aikin namu ne.

Duk wanda ke da wata dabara da ta yi masa amfani a ƙauyensu, ya rubuto wa edita domin sauran 'yan'uwa su ƙaru. Allah ya albarkaci aikin hannuwanku, ya sa akurki ya cika. Amin.